Ragon da Muka Riƙe wa Yaya

Yayana ya sauka wurina a Suleja da jaka ɗaya da wata rediyo da ba ta kama tasha sai an dafa ta da hannu. Ya girme ni da shekara tara. Shi ya riƙa kai ni makaranta a kan keke, shi ya saya mini takalmina na farko mai igiya, a zamanin da yake aiki a masaƙa yana da albashi da ɗan tumbinsa. Masaƙar ta rufe. Shagon da ya buɗe bayanta ya mutu a tsaye. Matarsa ta kwashi yara ta koma gidansu, wai kafin abubuwa su daidaita, abubuwan kuwa suka ƙi daidaita. Sai na ce ya zo ya zauna da ni a unguwar Bagama, inda nake hayar ciki da falo ni kaɗai, iyalina suna can gida Zariya, ko Allah zai sa a samu wani abu a Abuja.

Ba a samu ba. Nakan fita da sassafe in bi motar Abuja, inda nake aikin ajiyar fayil a wani ofis, in dawo bayan na sha goslo, cunkoson motocin hanya, na ƙoshi, in tarar da shi inda na bar shi, kwance a katifar falo yana kallon bango. Abincin da na ajiye masa ya ci rabi ya rufe. Kuma ba ciwo yake yi ba, da ciwo ne da na san inda zan kai shi. Tsorona a lokacin guda ɗaya ne: kada wata rana in dawo in tarar mutumin nan ya gama shigewa cikin kansa, a kira shi ya daina amsawa.

A gidan hayar akwai wani maƙwabcina mutumin Filato, yana koyar da lissafi a wata sakandare a unguwar Hashimi, kowa Ticha yake ce masa har matarsa. Wata Lahadi bayan sun dawo daga coci ya fito da wani ƙunshin takardu na fotokwafi, sun yi ja saboda tsufa, ya ce wasa ne da ya taɓa yi da abokansa a jami'a, shekara da shekaru yana neman abokan yi bai samu ba. Wasan ba shi da allo kamar dara, ba shi da kati. Mutum ɗaya ne ke ba da labari, ya ce ga daji, ga kogo, ga abin da ya fito muku. Sauran kowa yana da mutum nasa a rubuce a takarda, da sana'arsa da ƙarfinsa da yawan jininsa, ya faɗi abin da mutumin nasa zai yi, sai a jefa ƙwaya ta yanke hukunci ko ya yi nasara. In an ci nasara a samu maki, maki ya taru mutum ya hau mataki na gaba, jininsa ya ƙaru, hannunsa ya ƙara nauyi. Ainihin wasan yana son wata ƙwaya mai fuska ashirin, wadda ko a babbar kasuwa ba wanda ya taɓa jin labarinta, don haka muka ari ƙwayar ludo guda uku muna haɗa abin da suka nuna.

Ni aka ba aikin ba da labari, saboda Ticha yana son ya yi wasa, kuma ni ne mai son ƙa'ida. Wannan halin nawa ba abin yabo ba ne. Ni mutum ne da in aka mayar da fayil ba a gurbinsa ba sai in yini ina huci, kuma a ofis ba wanda yake son in kama shi da kuskure. Muka samu ƙarin mutum biyu, wani tela ɗan Kano mai shago a bakin layinmu, da wani direban bas da ke hutawa ran Lahadi. Da ƙyar na lallaɓo Yaya, na ce masa mutum ɗaya ya rage a cika, in bai zo ba Ticha zai ji kunya. Ya zo ne don kada maƙwabci ya ji kunya, ba don kansa ba.

Sana'o'i biyar ne a takardar: mayaƙi, maharbi, ɓarawo, boka, da mai magani. Bokan nan take ya fita daga lissafi. Tela ya yi a'uziyya, Ticha ya ce in matarsa ta ji yana tsafi ko a takarda ne, a waje zai kwana. Sauran huɗu muka tura wa Yaya ya fara zaɓa, tunda shi ne babba. Ya tura mana su baya da bayan hannu.

"Ku ɗauka," in ji shi. "Abin da ya rage nawa ne."

Haka yake yi da nama a kwano tun muna yara. Babba juji ne. Tela ya fizge mayaƙi, direba ya ɗauki maharbi, Ticha ya ɗauki ɓarawo yana dariya har da hawaye, ya ce a roƙe mu kada labarin ya kai kunnen 'yan kwaya, mawaƙan cocinsu. Abin da ya rage shi ne mai magani, mutum mai raunin hannu wanda aikinsa ya bi mayaƙa a baya yana ɗaure musu rauni.

Abin da ya faru a makonnin farko har yau ban manta daɗinsa ba. Yaya ya mayar da mai maganin nan wani tsoho mai jakar fatar akuya da tsegumi, wanda ba ya ɗaure wa kowa rauni sai ya yi masa faɗa tukuna. In mayaƙin tela ya dawo jina-jina, sai Yaya ya canza murya ya ce, "Wa ya aike ka? Kura tana zaune lafiya da 'ya'yanta ka je ka tsokane ta." Mu fashe da dariya a barandar Ticha, matarsa tana miƙo zoɓo ta taga. Ran nan na ji dariyar yayana, irin ta da, mai fita ta hanci. Ya fara aske gemu ran Lahadi da safe. Ya fara fita da kansa ya sayo fensir. Wata Laraba na dawo ban same shi a ɗaki ba, ashe ya tafi Hashimi tambayar wani aikin tsaron sito da ya ji labari. Bai samu ba, amma ya je da ƙafarsa.

Matsalar tana cikin takardun tun ranar farko. Shafukan suna tafiya daidai har ashirin da ɗaya, daga nan sai ashirin da huɗu. Ganye ɗaya ya ɓace, kuma a nan ne ya kamata a faɗi yadda ake raba maki bayan an kayar da abokin gaba. Na tambayi Ticha, ya sosa ƙeya.

"Oga, wannan takarda ya ɓata tun a makaranta. A no fit rimemba, ban iya tunawa. Kai ne alƙali, yi abin da ka gani."

Na kuwa yi abin da na gani. Na ce kamar farauta ne, wanda ya kayar da nama shi ke da shi, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wanda saransa ya kashe dodo shi zai kwashe makin duka. Kowa ya ce hakan ya yi daidai, har da Yaya. Na rubuta dokar a littafina da jan biro, na ja layi biyu a ƙarƙashi, ina jin kaina kamar wani babban alƙali.

Akwai abin da ya kamata ya farkar da ni. Kowace sana'a tana da nata tsanin a takardar, wato yawan makin da take buƙata kafin ta hau mataki. Na mayaƙi yana da tsawo, don shi da ma da ƙarfinsa ya fara. Na ɓarawo gajere ne. Na mai magani ma gajere ne, bai kai na mayaƙi ba. Duk mai hankali zai tambayi kansa, in mutumin nan ba ya iya kisa, ta ina waɗanda suka tsara wasan suke tsammanin zai samu makin da zai hau ko da gajeren tsanin? Na ga jadawalin da idona, na ma yaba da yadda aka jera shi, na wuce.

Kafin damina ta ƙare ɓarawon Ticha yana mataki na bakwai, mayaƙin tela na shida, maharbin direba na biyar. Tsohon Yaya yana na biyu, shi ma albarkacin wani ɓera da ya taka a kogo da 'yan fashi biyu da suka zo da ƙarar kwana. Ni kuma dole in ƙara girman abokan gaba, don abin da yake tsorata mai mataki biyu abin dariya ne ga mai bakwai. Na daina kawo kuraye, na koma kawo dodanni masu fatar ƙarfe. Irin waɗannan in suka shafi tsohon Yaya sau ɗaya ya tafi lahira, shi kuwa kafin sandarsa ta taɓa su sai ƙwayoyin ludo uku sun haɗa sha shida ko fiye, abin da kan yi wata bai faru ba. Mai ƙarfi yana kisa yana ƙara ƙarfi, mara ƙarfi yana nan inda yake, tazarar kullum ƙaruwa take yi.

Sai suka fara barin sa a baya, don tausayi. "Yaya, ka tsaya wurin jakuna, in mun ji rauni ma dawo." Su shiga kogo su yi awa biyu suna fafatawa, tela yana dukan tebur, direba yana hura wa ƙwaya iska kafin ya jefa, Yaya yana zaune yana juya fensir a yatsunsa. A ƙarshe su fito ya ɗaure musu rauni, faɗan tsohon ma ya ragu, ya koma "kawo hannun" kawai. Akwai Lahadin da daga azahar har aka kira la'asar har muka tashi bai taɓa ƙwaya ba ko sau ɗaya. Ban lura ba sai washegari a cikin mota, muna tsaye a goslo, Dutsen Zuma yana gefenmu, abin ya faɗo mini kamar an mare ni.

Gyaran mai sauƙi ne, kuma na san shi tun a cikin motar. In zauna ran Lahadi in ce jama'a na yi kuskure, dokata ba ta da adalci, daga yau maki na kowa ne. Amma ni ne na ja layi biyu da jan biro. Ban iya ba. Girman kai ne, ba wani suna da zan ba shi. Maimakon haka sai na bi su ɗaya bayan ɗaya a ɓoye, na ce a taimaka a ɗaga Yaya ba tare da an taɓa doka ba. Tela ne ya kawo dabarar, yana taka keken ɗinki bai ko ɗago ba.

"Ai mai sauƙi ne, Malam. Kamar layya. Mu kayar da ragon mu danne, babba ya sa wuƙa."

Na ji daɗin shawarar ƙwarai, har na saya masa lemo. Ashe gyaran gangar Auzinawa muka shirya.

Lahadin ta zo da hadari, muka ja tebur ciki-ciki cikin baranda. Na kawo musu wani dodo mai tsaron rijiya, mafi girman abin da suka taɓa gamuwa da shi, makinsa ya isa ya ɗaga mai mataki biyu zuwa huɗu a tashi ɗaya. Suka yi ta saransa har jininsa ya rage ɗigo ɗaya. Daga nan tela ya ajiye ƙwaya ya ce shi ya riƙe ƙafafun baya. Direba ya ce shi ya danne wuya. Ticha ya tura ƙwayoyin gaban Yaya da hannu biyu, yana murmushi irin na wanda ya ɓoye kyauta a bayansa.

"Siniya, bismilla. Na yo on, naka ne."

Na ce tunda an danne shi, huɗu ma ta isa. Yaya ya dubi ƙwayoyin, ya dubi tela, ya dubi direba, sannan ya dube ni, kuma ni ya fi daɗewa yana kallo. Ya ɗauka ya zubar da su a tebur ba tare da ya girgiza ba. Tara suka nuna. Na ce dodo ya mutu, muka tafa, matar Ticha ta leƙo ta taga tana tambayar me aka ci. Na karɓi takardarsa na goge biyu na rubuta huɗu.

"Na gode," in ji shi. "Allah ya saka da alheri."

Kalmomin nan na san su. Su yake faɗa mini in na ajiye masa abinci, su yake faɗa in na sayo masa sabulu, da wannan muryar da ba ta hawa ba ta sauka. A teburin nan ne kaɗai bai taɓa faɗar su ba sai ran nan.

Da muka koma ɗaki kafin magariba, ruwa ya fara sauka, ya zauna a bakin katifa yana ninke takardar tsohon nasa gida huɗu. Na ce, "Yaya, yau ka yi aiki." Bai ɗago ba.

"Ka tuna shekarar da hannun Baba ya fara rawa?" in ji shi. "Ni na danne ragon. Kai ka riƙe masa hannu a kan wuƙar. Muka ce masa ya yanka da kyau."

Na tuna. Layyar ƙarshe da mahaifinmu ya yi ke nan, kuma na tuna yadda ya shige ɗaki bayan yankan bai fito cin hanta ba. Na buɗe baki in ce wasa ne kawai, sai na ga ba ni da fuskar faɗar haka, tunda ni na fi kowa sanin ba wasa ba ne kawai a wurinsa.

Lahadi ta gaba ya ce kansa na ciwo. Ta bayanta sai kawai ya juya ga bango. Gemun ya dawo. Bayan sati uku ya ce wani tsohon abokin aikinsa na masaƙa yana da teburin sayar da baƙin mai a Lambata, yana neman wanda zai zauna masa. Na ce wurin kwana fa, ya ce akwai. Na ce ya bari in raka shi, ya ce ba yaro ba ne. Ya ɗauki jakarsa da rediyonsa, ya bar takardar a kan taga.

Mun gwada ci gaba da wasan mu huɗu. Lahadi biyu muka yi. A ta farko maciji ya sari mayaƙin tela, mai mataki shida da sulke da takobin da ake ji da shi, ya mutu a bakin rafi don ba mai ba shi magani. A ta biyu sauran biyun suka bi shi. Tela ya zauna yana kallon takardarsa ya ce, "Ashe tsohon nan ne yake riƙe da mu." Na koma littafina, don ni komai sai na rubuta, na bi wasannin tun daga farko. Sau arba'in da uku tsohon Yaya ya tashi wani daga bakin mutuwa. A dokata duk wannan bai kai makin ɓera ɗaya ba.

Wata biyu bayan haka aka kira malaman makaranta tantancewa, Ticha ya zazzage tsohuwar jakar takardun shaidarsa, sai ga ganyen nan manne a bayan wata takarda. Ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya miƙo mini. Shafi na ashirin da biyu, sakin layi na biyu. A taƙaice abin da ya ce shi ne, in an dawo daga tafiya a tara makin duka a raba daidai tsakanin duk waɗanda suka fita tare, da wanda ya yi sara, da wanda ya yi magani, da wanda ya riƙe fitila. Na karanta sau uku ina jin haushin takardar, ina jin haushin Ticha, alhali na san wanda ya kamata in ji haushi.

Na zauna ran Juma'a da yamma na sake lissafin tun daga wasan farko, na cire dodon rijiya gaba ɗaya don kada a ce an yi masa alfarma. Da gajeren tsaninsa, mai maganin Yaya ya kai mataki na bakwai tun kafin ƙarshen damina, yana gaban mayaƙin tela da mataki guda. Ba kyauta a ciki ko ta maki ɗaya. Haƙƙinsa ne da na danne wata da watanni. Na sayi sabuwar takarda mai kauri na rubuta masa komai da hannu mai kyau, ran Asabar na hau motar Minna na sauka a Lambata.

Na same shi a bakin titi ƙarƙashin wata rumfar buhu, kwalaben baƙin mai a jere a gabansa, masu doya suna ta ciniki a gefe, tireloli suna wucewa suna girgiza teburin. Ya rame. Rediyon tana kan benci a kashe. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi Ticha da mutanen gida, ya matsa mini na zauna. Na fito da ganyen da sabuwar takardar.

"Yaya, kuskure na yi tun farko. Ga shafin da ya ɓata, an gan shi. Maki rabawa ake yi daidai. Kai ne a gaban kowa, mataki bakwai. Ka zo gobe mu ci gaba."

Ya goge hannu a jikin wando ya karɓa. Ya nisanta takardar daga idonsa, don tabaransa ya karye tun a Suleja, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya samo shafin?"

"Ticha."

"Wa ya yi lissafin?"

"Ni."

Ya gyaɗa kai a hankali, har da ɗan murmushi.

"To tela fa? Wace ƙafar ya riƙe a wannan karon?"

Na rantse masa da Allah. Na ce ya karanta da kansa, na ce ga littafina ya bi lissafin layi-layi, na ce ya kira Ticha a waya. Muryata ta hau har wata mai doya ta waiwayo. Ya ɗaga hannu ya ce kada in yi ta rantsuwa a kan wasa, ya yarda. Sannan ya ce ya gode, Allah ya saka da alheri.

Wani ɗan acaɓa ya tsaya yana son rabin kwalba. Yaya ya miƙo mini takardun ya tashi ya ɗauki mazurari. Na zauna ina jira ya gama mu koma kan maganar, amma bayan ɗan acaɓan sai wata mota ta tsaya, bayanta wata, shi kuma bai sake duban inda nake ba sai da zai ce in tashi kada in rasa motar Suleja.

Bai zo washegari ba, bai kuma sake zuwa ba. Nakan kira shi, wani lokaci ya ɗauka, mu gaisa minti ɗaya. Ticha ya mayar da ƙwayoyin ludo ga masu su. Takardar tana cikin fayil a ɗakina, a gurbin da ya dace, kuma babban yatsan Yaya ya bar shaidar baƙin mai a gefenta, kusa da inda na rubuta bakwai.